Majigin Araha da Sabunta Manhajarsa: Gyara Ko Ɓarna?

Kalmar majigi ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Ta shigo tun zamanin Turawan mulki, daga sunan da Ingilishi ya ba wata tsohuwar fitila mai haska hoto a jikin bango, wadda ma'anar sunanta ita ce fitilar siddabaru. Dattawa da yawa suna tune da motar majigi wadda kan shigo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, bayan sallar isha jama'a su taru, a nuna musu yadda ake tsabtace rijiya ko yadda ake noman auduga, wani ma'aikaci yana bayani da lasifika. Gwamnatin Ingila ta kafa sashe na musamman a 1939 domin shirya wa ƙasashen da take mulka irin waɗannan fina-finai. Majigin wancan lokaci ƙarfe ne da ƙwan fitila da faifan fim. In ya tsaya, mai kula da shi yakan buɗe cikinsa ya ga abin da ya tsinke ko ya ƙone, ya gyara, a ci gaba da kallo.

Majigin da ya cika kasuwa yau suna kawai ya gada daga wancan. Girmansa bai fi na gwangwanin madarar gari ba, kuɗinsa bai kai na matsakaiciyar wayar hannu ba, ɗalibi yana iya jefa shi cikin jaka ya tafi da shi aji, ko ya haska ƙwallo a bangon ɗakin kwana. Ƙungiyoyin ɗalibai suna saye, malaman Islamiyya suna saye, masu ƙananan gidajen kallo ma haka. Amma a cikin wannan ɗan akwati akwai ƙaramar kwamfuta, ita kuwa kwamfuta ba ta motsi sai da umurni a rubuce. Wannan umurni shi ne abin da ake son a duba a nan, musamman ranar da majigi ya rubuto a bango cewa yana son a sabunta shi, ko kuma ranar da wani aboki ya zo da fayil a filas ya ce wannan zai ƙara masa kyau.

Da farko akwai maganar suna. Wani masanin kwamfuta mai suna Ascher Opler ne ya ƙirƙiri kalmar Ingilishi ta wannan abu a 1967, a cikin mujallar Datamation, kalmar da bakin Bahaushe zai furta famwaya. Abin da take nufi shi ne wani abu da ya tsaya tsakanin ƙarfen na'ura da manhajojin da mutum ke sawa yana cirewa yadda ya ga dama. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano ba su jira masana ba. Su aikin suka raɗa wa suna, suka ce filashin. Ita kanta kalmar manhaja aro ce daga Larabci, ta daɗe tana nufin tsarin karatu kafin a ɗora mata wannan sabon nauyi. Saboda haka ba laifi ba ne a kira wannan abu manhajar tushe, watau wadda aka dasa tun daga masana'anta, wadda sauran duka suke tsaye a kanta. Ita ce ke gaya wa fitila yawan hasken da za ta bayar, ta gaya wa fanka saurin da za ta juya, ta fassara maɓallin da aka danna a rimot, ta karɓi hoto daga waya ta miƙa shi ga ɗan gilashin da haske ke ratsawa. In ta lalace, majigi ko kunnuwa ba zai yi ba, alhali kuwa babu abin da ya ƙone a cikinsa.

Jama'a sun kasu biyu a kan wannan al'amari. Akwai waɗanda suka ɗauka duk abin da aka kira sabo ya fi tsoho, da sun ga kalmar sabuntawa sai su danna. Akwai kuma waɗanda ke cewa abin da ke aiki a bar shi ya yi aikinsa. In aka auna, mutanen kashi na biyu sun fi kusa da gaskiya game da majigin araha, ko da yake su ma akwai inda suka yi sake, kamar yadda za a gani.

Babban abin da ke ruɗar kashi na farko shi ne tsammanin abin da manhaja ba ta iya bayarwa. Alal misali, majigin nan da ake kira HY300, wanda ake sayarwa da sunayen kamfanoni barkatai, a jikin kwalinsa akan rubuta 4K da manyan baƙaƙe. Gilashin da ke cikinsa kuwa ɗigo 1,280 gare shi a kwance, 720 a tsaye, jimla 921,600. Hoton 4K na gaskiya ɗigo 3,840 ne a kwance, 2,160 a tsaye, watau 8,294,400, ninki tara ke nan. Abin da rubutun kwalin ke nufi shi ne majigin yana iya karɓar irin wannan hoto ya matse shi ya koma daidai da gilashinsa. Babu fayil ɗin da zai ƙara wa gilashi ɗigo ko ɗaya, kamar yadda babu addu'ar da za ta mai da mudu ya zama tiya. Haka maganar haske take. Kwali yakan ɗauki lambar dubbai, amma in aka gwada da ma'aunin da aka amince da shi, mai suna ANSI, sai a tarar ɗaruruwa ne kaɗan. Wannan ƙari ya yi yawa har kamfanin Epson ya kai wasu kamfanoni huɗu ƙara a Amurka a 2020 a kan ƙaryar haske. Wanda ya sayi majigi mai dishi-dishi, labule mai kauri zai nema wa taga, don sabuntawa ba za ta ƙara wa fitilarsa ƙarfi ba. Har wa yau, ɗalibin da ke fata Netflix ta fito masa tar bayan ya sabunta, shi ma ya sha kansa, domin wannan magana ce ta izini tsakanin kamfani da kamfani, majigin da bai samu izinin tun daga masana'anta ba kuwa ba ya samunsa daga baya.

To, me sabuntawa ke gyarawa? Tana gyara kurakuran da marubutan manhajar suka yi. Majigin da ke yanke hulɗa da intanet kowane minti goma, ko wanda muryarsa ke zuwa bayan bakin mai magana ya rufe, ko wanda ya ƙi karɓar hoto daga wata irin waya, ko wanda hotonsa ke karkacewa in ya yi ƙoƙarin daidaita kansa da bango, duk waɗannan suna iya warkewa da sabon fayil, in har wanda ya ƙera shi ya san da cutar ya kuma rubuta maganinta.

Akwai wata cuta guda da ta shafi ɗalibin Hausa fiye da kowa, ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Siffofin haruffan da majigi ya sani suna cikin manhajar tushensa ne. In aka haɗa shi da kwamfuta ta wayar HDMI, babu damuwa, gama kwamfutar ce ke zana haruffan, shi majigi haskawa kawai yake yi. Amma in aka soka masa filas kai tsaye, aka ce ya karanto fassarar da ake rubutawa a ƙasan fim, to da nasa haruffan zai yi aiki. Ƙananan majigai marasa Android sau da yawa ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai su ajiye ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. Malamin da ya zo nuna wa aji bambancin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, sai ya ga bango ya ci masa harafin da darasin ya dogara a kai. Waɗannan haruffa sun daɗe da samun lambobinsu a tsarin Unicode, saboda haka rashinsu ba gazawar ilmi ba ce. Mai ƙera majigin ne bai taɓa tunanin Bahaushe zai saya ba. Sabon fayil yana iya magance wannan, amma fa sai in an sa haruffan a ciki, wanda ba a nema a wurinsa ba kuwa ba zai sa ba.

Shi aikin sabuntawar ba shi da wuya a baki. Hanya mafi sauƙi ita ce majigi ya ɗauko fayil da kansa ta intanet. Ta biyu ita ce a samo fayil ɗin, a shirya filas a kan tsarin FAT32, a ajiye fayil a farfajiyar filas ɗin ba cikin wata jaka ba, kada a sake masa suna, a soka, a zaɓi sabuntawa daga jerin umurni. Ta uku, wadda masu gyara ke bi in biyun farko sun gagara, ita ce a haɗa majigi da kwamfuta, a yi amfani da manhajar kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwarsa, kamar PhoenixSuit ga masu ƙwaƙwalwar Allwinner, a rubuta kome daga farko. Duka aikin mintoci ne. Haɗarin yana cikin mintocin nan.

Dalili kuwa shi ne, majigi yakan share tsohon umurni yana rubuta sabo a gurbinsa. Misalinsa kamar mai ɗakin da ya yaye tsohon rufi da damina: in ya gama ɗora sabo kafin hadari ya taso, ya ci riba, in ruwa ya sauko yana tsaka da aiki, ba shi da tsoho ba shi da sabo. In wuta ta ɗauke a daidai lokacin da ake rubuta sashen da ke tayar da na'ura, majigi ya zama dutse. Tun daga Android 7 a 2016 aka fito da dabarar ajiye manhaja a gurbi biyu, a rubuta sabuwa a ɗaya ana aiki da ɗaya, in abu ya ɓaci a koma wa tsohuwa. Amma kwalin majigin araha ba ya faɗin ko yana da wannan gata, mai shi kuwa ba shi da hanyar sani sai ranar da ya buƙace shi. Wanda ya saba sabunta wayarsa ba tare da fargaba ba ya manta cewa waya tana da batir. Yawancin waɗannan majigai ba su da shi. Rayuwarsu tana rataye ne a jikin soket. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, janareta kuma yana tari in mai ya yi ƙasa, fara irin wannan aiki ba tare da inbata ko batirin sola mai cikakken caji ba ganganci ne, ba jarunta ba.

Haɗari na biyu ya fi na wuta ɓoyuwa. Kama da wane ba ta wane. Masana'antun Shenzhen da kewayenta suna ƙera gangar jiki iri ɗaya, 'yan kasuwa dabam-dabam su saya su manna sunayensu, a cikin gangar kuma ana sauya kaya daga wannan jigila zuwa waccan, gwargwadon abin da ya fi araha a watan. Majigai biyu masu suna ɗaya da launi ɗaya, waɗanda aka saya a shago ɗaya, suna iya bambanta a gilashi, ko a guntun da ke kamo intanet, ko a lambobin rimot. In aka ɗura wa ɗaya fayil ɗin ɗan'uwansa, sai hoto ya fito ƙafa sama kai ƙasa, ko rimot ya kurmance, ko fitila ta kama amma bango ya zauna fari fat. Komawa baya kuwa sai wanda ya tanadi tsohon fayil, galibi kuma babu wanda ya tanada, don kamfanin bai bayar ba. Garin neman gira ke nan aka rasa ido. Saboda haka abin da ya wajaba a duba shi ne lambar ginin manhaja da ke shafin bayanin na'ura, a kwafe ta harafi da harafi, a nuna wa wanda zai ba da fayil. Sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne.

A nan ne masu cewa a bar abu yadda yake za su ce ai ga maganarsu ta fito. Ta fito, amma rabinta. Majigi mai Android wanda aka haɗa da intanet ƙofa ce a buɗe cikin gida, manhajar da ba a taɓa gyarawa ba kuwa ƙofa ce marar sakata. Abin ma ya wuce nan. A 2023 masu bincike na kamfanin Human Security suka bayyana wata muguwar manhaja da suka kira Badbox, wadda ake dasawa cikin na'urorin Android masu araha tun kafin su isa hannun mai saye. A watan Disamba na 2024 hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta ce ta katse hulɗar na'urori wajen 30,000 da masu sarrafa su. A watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan sabon salon wannan cuta, ta ambaci majigai a cikin jerin kayan da abin ya shafa, a watan Yuli kuma kamfanin Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urorin da suka kamu sun haura miliyan 10. Aikin wannan manhaja shi ne ta sayar da hanyar intanet ɗin mai gida ga ɓarayi su riƙa bi ta cikinta suna aika-aika, ta kuma riƙa danna tallace-tallace a ɓoye don wasu su karɓi kuɗi. Ɗalibin da ke mamakin yadda datarsa ke ƙarewa yana iya zama yana ciyar da baƙon da bai gayyata ba. Tun da cutar tana cikin tushe ne, mai da majigi yadda ya fito daga masana'anta ba ya kawar da ita, gama daga masana'antar ko daga hanya ta fito.

Ga tsaka mai wuya ke nan. Ƙin sabuntawa yana barin ƙofa a buɗe, sabuntawa da fayil ɗin da ba a san asalinsa ba kuwa yana iya zama shigo da ɓarawo da hannun mai gida. Mafita ɗaya ce mai hankali ga majigin da ba a san gidan ubansa ba: a raba shi da intanet ɗungum. Kada a ba shi kalmar sirrin Wi-Fi, kada a shigar masa da adireshin imel, balle bayanan banki. A haɗa shi da kwamfuta ta wayar HDMI, ya koma fitila da gilashi kamar kakansa na ƙofar hakimi. Majigin da aka yi wa haka ba ya buƙatar sabuntawa sai in yana da wata cuta takamaimai da ke hana shi aiki, haruffan Hausa kuma za su fito daidai tun da kwamfuta ce ke rubuta su. Wannan shawara ba ta da armashi, domin ta zubar da rabin abin da aka yi talla da shi, amma rabin da ta zubar shi ne wanda dama ba a iya dogara da shi.

Sai dai bai kamata a ɗora wa mai saye nauyin duka ba. Asalin laifin yana wurin wanda ya sayar da kwamfuta kamar yana sayar da tocila, ya karɓi kuɗi ya shafe sawunsa. A Ingila, tun daga 29 ga Afrilu 2024, doka ta tilasta wa masu ƙera kayan gida masu shiga intanet su faɗi mafi ƙarancin lokacin da za su ci gaba da aiko da gyaran tsaro. A Tarayyar Turai, tun daga 20 ga Yuni 2025, sababbin wayoyin hannu sai an ba su sabuntawa na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da irinsu. A Nijeriya ma dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Wane bayani ne ya fi muhimmanci ga mai sayen irin wannan na'ura fiye da sanin wanda ya rubuta umurnin da ke cikinta, da inda za a same shi in ta ɓaci?

Wani zai ce araha ba ta ado, wanda ya sayi rariya kuma ya san za ta zubar da ruwa. In aka matsa wa 'yan kasuwa da sharuɗɗa, farashi zai tashi, majigi ya koma kayan masu hali kamar da. Wannan magana tana da nauyi, ba a yi mata dariya. Arahar nan ce ta kai majigi makarantun da ba su taɓa mafarkinsa ba. Amma abin da ake nema ba mai tsada ba ne. Ɗan kasuwar da ya iya zuwa Sin ya cika kwantena da majigi, ya iya roƙon masana'anta ta ba shi fayil ɗin manhajar wannan jigila, ya ajiye a shagonsa, ya ba masu gyara. Wannan bai kai kuɗin majigi ɗaya ba, amma zai ceci ɗaruruwa daga bola. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, wadda aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Majigin da fitilarsa lafiya, fankarsa lafiya, gilashinsa lafiya, aka jefar da shi don an rasa fayil guda, ya shiga wannan lissafi ba da haƙƙinsa ba. Shi kuma mai gyara na kasuwa, wanda ya gaji mutumin nan mai buɗe cikin majigin gwamnati, hannunsa a ɗaure yake muddin ba a ba shi abin da zai ɗura ba.

Ƙungiyar ɗalibai ko sashen jami'a da zai fitar da kuɗin jama'a ya sayi majigi yana da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi, domin mai shago ba ya son rasa irin wannan ciniki. Kafin a biya, sai a sa ya kunna a gabansu, a buɗe shafin bayanin na'ura, a rubuta lambar ginin manhajar a bayan rasit. A zo da filas mai ɗauke da ɗan fim da fassararsa ta Hausa, a ga ko ƙ da ɗ za su fito. A tambaye shi inda fayil ɗin gyara yake, in ya ce bai sani ba, a san cewa fitila aka saya, a kuma biya kuɗin fitila. In daga baya wata cuta ta bayyana, aka kuma samu fayil daga hannun wanda ya sayar, mai lamba daidai da ta bayan rasit, sai a zaɓi ranar da babu taro gobe ko jibi, a jona majigin a inbata, a cire duk wata waya da ba ta wuta ba, a danna, kowa ya janye hannunsa har sai ya mutu ya sake kunna kansa.